Ciwon Baba Ya Dawo: Mu Sayar da Gida a Yi Masa Tiyata?

Assalamu alaikum Likita. Ni ce ta uku a gidanmu, kuma ni ke jinyar mahaifinmu. Shekarunsa 63. A bara waccan abinci ya fara tsaya masa a ƙirji, aka yi ta ba shi maganin olsa, daga baya aka zura masa kyamara aka ce ciwon daji ne a maƙoshi, wato bututun da abinci ke bi, wajen tsakiyar ƙirji. An yi masa gashi, wato haska ciwon da na'ura don a ƙone shi, na sati biyar da 'yan kwanaki haɗe da kimo, maganin kashe ƙwayoyin daji, ba a yi tiyata ba. Ya samu sauƙi har ya koma cin tuwo, ya je Idi da ƙafarsa. Bayan wata 14 sai ga abin ya dawo. Yanzu sai kunu da koko, su ma a hankali, kuma ya zube da kilo 9. An sake gutsuro nama an gwada, aka ce ciwon ne ya sake tsirowa a gurbinsa na da. Wani likita ya ce ana iya cire maƙoshin gaba ɗaya, amma aikin babba ne. Yayanmu ya samo wani mai kai marasa lafiya Indiya, ya turo mana lissafin da ba mu da hanyar biyansa sai an sayar da gidan da muke ciki, kuma ya ce a ba da rabi cikin sati biyu kafin gurbi ya wuce mu. Mama ta rantse ba za a sa wa mijinta wuƙa ba, ta ce daji ba ya son ƙarfe. Shi kuwa Baba mun ce masa tabon gashi ne ya tsuke hanyar. Yaya yana ganin duk wanda ya ja baya ya fi son gida a kan Baba. Ni na rasa bayan wa zan bi. Don Allah ka ba ni shawara.

'Yarka, daga Jihar Katsina

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce, ke kuma Ya biya ki wahalar jinya. Wanda bai taɓa zama gaban mahaifinsa da kofi a hannu yana ƙirga kurɓar kunu ba, ba zai san nauyin da ke kanki ba.

Ban ga Baba ba, ban ga hotunansa ba, don haka hukuncin a yi aiki ko kada a yi ba daga wannan shafi zai fito ba. Amma akwai abin da zan faɗa miki kai tsaye tun yanzu: kada a ba mai kai mutane Indiyan nan ko sisi, kada a kai takardun gida wurin dillali, kuma kada a rufe ƙofar tiyata. Yayanki da Mama suna ta jayayya a kan amsa, alhali ba a gama yin tambayar ba ma. Kin faɗa mini abin da kyamara ta gani da abin da gwajin nama ya nuna, amma ba ki ambaci hoton da aka yi wa sauran jikinsa bayan dawowar ciwon ba. In ba a yi shi ba, to takardar kuɗin da aka turo muku lissafin dokin Rano ce.

Ciwon nan in zai dawo, yawanci cikin shekara biyun farko yake dawowa. Saboda haka wata 14 ba abin mamaki ba ne, kuma ba ya nuna kun yi sakaci. Abin dubawa shi ne inda ya ɓullo. Wani a cikin maƙoshin kaɗai yake sake tsirowa. Wani sai ya bi kaluluwar da ke kewaye, a ƙirji ko a wuya ko a saman ciki. Wani kuma ya bi jini ya sauka a hanta, ko huhu, ko ƙashi. Cire maƙoshi yana da ma'ana ne a na farko, da wasu daga cikin na biyu. In ya riga ya isa hanta ko huhu, cire maƙoshin ba ya warkarwa, sai dai ya ɗora wa mutum wahalar aiki a kan wahalar ciwo. Kyamarar da aka zura masa ba ta ganin wannan, iyakacinta cikin bututun. Sai an yi hoton CT na wuya da ƙirji da ciki, irin wanda ake sa allurar ruwa ta jijiya don ya haska. Wanda ya fi shi tono ɓoyayyen yaɗuwa shi ne PET-CT. Ba shi da yawa a ƙasar nan, an fi samunsa a Legas, kuma yana da tsada, amma tsadarsa ba ta kama ƙafar kuɗin gida ba. Na gwammace ku kashe kuɗi a nan a kan hoton da zai iya ce muku kada ku tafi, da ku sauka a ƙasar wasu a yi muku shi a can a ce ku tattara ku koma.

Kin ce a tsakiyar ƙirji yake. Wurin nan maƙwabtansa manya ne: bututun iska da inda ya rabu biyu ya shiga huhu, da kuma babbar jijiyar da ke fito da jini daga zuciya. In ciwon ya ci ya shiga ɗayansu, ba a iya yanke shi da tsabta. Shi ya sa akan leƙa bututun iskar ma da kyamara kafin a tsai da magana. Duk fa'idar aikin nan a kan abu guda ta rataya, wato a cire ciwon kakaf, gefen naman da aka yanko ya fito babu ƙwayar daji ko ɗaya. A takarda za ki ga sun rubuta R0. In aka bar saura, mutum ya sha wuƙa ne kawai, ciwon yana nan.

Bari in kwatanta miki aikin, don kalmar "babba" da likitan ya yi amfani da ita ta yi masa kaɗan. Maƙoshin babban mutum bututu ne mai tsawon kamar santimita 25, daga wuya ya ratsa ƙirji ya faɗa tumbi. Ana cire mafi yawansa tare da kaluluwar da ke kewaye, sannan a gyara tumbin a mai da shi siriri kamar bututu, a jawo shi sama ta cikin ƙirji a ɗinke shi da guntun maƙoshin da ya rage. Wani likitan Birtaniya mai suna Ivor Lewis ya bayyana hanyar da ake shiga ta ciki da ta ƙirjin dama a 1946, kuma har yau da sunansa ake kiran ta. Ga ciwon da ke tsakiya ko sama, sau da yawa akan ƙara yanka na uku a wuya, a yi ɗinkin a can. Aiki ne na sa'o'i da yawa, daga nan a wuce ɗakin kulawa ta musamman, sannan kwanciyar asibiti ta kamar sati biyu in komai ya tafi daidai. Tarihin aikin ma kansa abin ji ne: a 1913 wani likita mai suna Franz Torek ya fara cin nasarar cire maƙoshi ta ƙirji a birnin New York, kuma matar da aka yi wa ta rayu fiye da shekara goma tana cin abinci ta wata roba da ke haɗa wuyanta da tumbinta ta waje. An yi nisa daga can, amma har gobe aikin yana cikin mafi nauyi a tiyatar daji.

Na Baba ya fi na kullum nauyi, saboda gashin da aka yi masa. Naman da ya sha gashi yakan taurare ya manne da na kusa da shi, ƙananan jijiyoyin jininsa su ragu. Rabuwa da maƙwabta sai ta yi wuya, warkewar ɗinki ma haka. Abin da likitan tiyata ya fi tsoro shi ne ɗinkin ya yi yoyo, yawu da ruwan ciki su tsiyaya cikin ƙirji. Bayan shi sai ciwon huhu, sai taɓuwar jijiyar murya, wadda ke barin mutum da dishewar murya da yawan ƙwarewa in ya sha ruwa.

Akwai alƙaluman da ya kamata ki sani, don kada a tsorata ki fiye da kima, kada kuma a yaudare ki. Wani nazari da aka buga a 2015 ya tattara marasa lafiya daga cibiyoyi 30 na Turai tsakanin 2000 da 2010. A cikinsu akwai mutum 308 da aka yi wa irin aikin da ake maganar yi wa Baba, wato tiyata bayan ciwon ya ƙi tafiya ko ya dawo bayan gashi da kimo. Kimanin 8 cikin 100 sun rasu a asibiti, 17 cikin 100 sun sami yoyon ɗinki, kuma 43 cikin 100 suna raye bayan shekara uku. Waɗanda ciwonsu ya tafi sannan ya dawo, kamar Baba, sun fi waɗanda nasu bai taɓa tafiya ba: wajen 56 cikin 100 suna raye bayan shekara uku, a kan 41. Wannan labari ne mai daɗi, kuma shi ne dalilin da ya sa na ce kada a rufe ƙofa. Amma ki lura da abu biyu. Waɗannan zaɓaɓɓu ne, an tace su an ga ciwon bai yaɗu ba kuma jikinsu zai ɗauka. Na biyu, a cikin nazarin nan waɗanda aka yi wa gashi mai yawa, daga 55 Gy zuwa sama (Gy shi ne ma'aunin yawan gashi), fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ne suka rasu a asibiti, alhali waɗanda aka yi wa ƙasa da haka ba su kai 5 cikin 100 ba. Sati biyar da 'yan kwanaki da kika ambata yana kama da adadin da aka saba, wajen 50, amma kada ki tsaya a kan zatona. Ki koma inda aka yi masa gashin ki karɓo takardar da ta nuna adadin da aka ba shi da wurin da aka haska. Duk likitan tiyata na ƙwarai zai tambaye ta kafin ya ce uffan. Wanda ya turo muku farashi bai tambaye ta ba, kin ga ke nan.

Hannun da zai yi aikin ma abin dubawa ne, da asibitin da ke bayan hannun. Wani babban nazari a Amurka a 2002 ya nuna cewa a asibitocin da ba su cika yin wannan aiki ba, kimanin 20 cikin 100 ke rasuwa, a waɗanda suka saba kuwa kimanin 8. Bambancin ba a ɗakin tiyata kaɗai yake ba. Yana wurin ma'aikaciyar jinyar da za ta lura da ƙarfe biyun dare cewa bugun zuciyarsa ya sauya, da samun hoto a daren nan, da gado a ɗakin kulawa ta musamman, da jini a ajiye. Don haka ko a Najeriya ko a Indiya ko a Masar, tambayar ɗaya ce, kuma ba rashin kunya ba ne a yi ta: sau nawa kuke cire maƙoshi a shekara, nawa daga ciki bayan gashi ne, kuma in ɗinki ya yi yoyo me kuke yi? Likitan da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan tambaya. Kafin ku yi maganar jirgi, ku nemi ra'ayi na biyu a gida. Akwai likitocin tiyatar ƙirji da na daji a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Abin da kuke so shi ne likitan tiyata da likitan gashi da mai karanta hoto su dubi takardunsa tare su fito da magana ɗaya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, kuma na ga babu mai maganarsa a gidanku: kilo 9. Kuna ta gardamar Indiya, mutumin yana narkewa a gabanku. Jikin da ya rame haka ba ya ɗaukar wannan aiki, ba ya ɗaukar kimo, ba ya ma ɗaukar zazzaɓi. Ko wace hanya za a bi, ciyar da shi ne aikin wannan satin. Koko ruwa ne, ba ya riƙe babban mutum. A kaɗa masa ƙwai a cikin kunu yana kan wuta ya dahu, a sa madara, a yi kunun gyaɗa mai kauri a tace, a dama fura da kindirmo a tace ta, a markaɗa naman kaza ko kifi da romonsa, a zuba ɗan mai ko man shanu. Kaɗan-kaɗan, sau shida ko takwas a yini, yana zaune a miƙe, kuma kada ya kwanta nan take. A bar shayi da kunu su huce kafin ya sha. A riƙa auna nauyinsa duk sati a sikeli ɗaya ana rubutawa.

In bakin ya gaza, akwai robar abinci, ko siririya ta hanci ko wadda ake sawa ta fatar ciki. Ga wani abu da ba kowa ke faɗa muku ba. In har akwai tunanin tiyata, a tambayi likitan tiyatar kafin a huda tumbi, domin tumbin nan shi ne za a mai da sabon maƙoshi; yawanci sun fi son a sa robar a ƙaramin hanji. Haka ma ragar da ake zurawa ta buɗe maƙoshi, wadda suke kira siten. Tana kawo sauƙin haɗiya cikin kwana ɗaya ko biyu, amma tana iya dagula tiyatar da za ta biyo baya, kuma a naman da ya sha gashi haɗarinta ya fi yawa. Kada a sa ta don gaggawa sai an san inda aka dosa. Kuma in an fara ba shi abinci ta roba, a bari asibiti su fara a hankali suna duba jininsa, don jikin da ya daɗe da yunwa ba a cika shi lokaci guda.

Za su kuma auna ƙarfin huhunsa da zuciyarsa. Ke ma kina da ma'auni a gida: yana iya zuwa masallacin unguwa ya dawo ba tare da ya tsaya hutawa ba? Yana iya hawa bene hawa biyu? Ko mafi yawan yini a kwance yake? In yana shan taba, yau ce ranar bari. Sannan ki riƙe waɗannan a ranki: in ya fara tari duk lokacin da ya kurɓi ruwa, ko ya kasa haɗiye yawunsa, ko ya yi aman jini, ko zazzaɓi ya zo da sarƙewar numfashi, a tafi asibiti a ranar, ba a jira ranar ganin likita.

Maganar Mama kuwa, kada ku yi mata dariya, kada kuma ku yi mata tsawa. Cewa daji ba ya son ƙarfe ba daga sama ta faɗo ba. Mutanenmu sun daɗe suna ganin an kai mara lafiya asibiti bayan ciwo ya ci ƙarfinsa, an yanka, bai daɗe ba ya rasu, sai laifin ya hau kan wuƙa. Gaskiyar ita ce ƙarfe ba ya ciyar da daji, ba ya kuma fusata shi. Mutane da yawa da suka warke daga ciwon daji a duniya, wuƙar ce sanadin warkewarsu. Amma tsoron Mama yana da ƙwayar gaskiya a wannan karon, tunda na gaya miki naman da ya sha gashi ba ya son ɗinki. Matar da ta yi shekaru da mutum tana da haƙƙin ta ji daga bakin likita da kunnenta, da Hausa, ta yi tambayarta a amsa mata. Ku tafi da ita. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a bar asibiti a koma jiƙe-jiƙe, musamman ga mutumin da ruwa ma da ƙyar yake wuce masa. Addu'a da tofi ba su hana hoto, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi bayin Allah su nemi magani.

Shi kuma mai kai mutane Indiya, ban san shi ba, ba zan ce macuci ba ne. A can akwai asibitocin da suka ƙware a wannan aiki ƙwarai. Amma wa'adin sati biyu na ciniki ne, ba na likitanci ba. Ciwon yana bukatar hanzari, gaskiya ne, sai dai hanzarin na yin hoto ne da ciyarwa, ba na tura kuɗi ba. In za ku bi ta can, ku tura faifan hotunan kansu da sakamakon gwajin nama da takardar gashi, ku nemi ganawa ta bidiyo da likitan da zai riƙe wuƙar, ba wakili ba. Ku nemi a rubuta muku abin da kuɗin ya ƙunsa. Irin wannan lissafi galibi na aikin da ya tafi lami lafiya ne. In ɗinki ya yi yoyo aka ƙara sati uku a ɗakin kulawa ta musamman, wa zai biya, kuma da wane gidan? A sa kuɗin masauki da na mai jinya da na jirgi. A biya asusun asibiti, ba na mutum ba. Kuma a san likitan da zai karɓe shi in ya dawo, domin wurin ɗinkin yakan tsuke bayan 'yan watanni a bukaci a buɗa shi da kyamara, wani lokaci fiye da sau ɗaya.

Ko aikin ya yi kyau, Baban da zai dawo ba zai zauna gaban malmalar tuwo uku kamar da ba. Zai riƙa cin kaɗan sau da yawa, zai kwana da kansa a ɗage saboda ƙwannafi, wani lokaci jiri da gudawa su biyo bayan abu mai zaƙi, kuma ƙarfinsa zai ɗauki watanni da yawa, har zuwa shekara, kafin ya daidaita. Akwai waɗanda suka bi ta nan suka ga auren jikokinsu. Akwai kuma waɗanda ciwon ya sake dawo musu duk da haka.

In hoto ya nuna ya yaɗu, ko likitoci suka ce jikinsa ba zai ɗauka ba, ki taimaki Yayanki ya gane cewa wannan ba yar da Baba ba ne. A lokacin ne siten ke da amfaninta. Akwai kimo na zagaye na biyu. Akwai sababbin allurai masu zaburar da garkuwar jiki, irin su nivolumab da pembrolizumab, waɗanda aka tabbatar suna ƙara kwana ga wasu masu wannan ciwo, ko da yake tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidaje kuma ba warkarwa suke yi ba. Akwai maganin zafi har da mofin na ruwa, wanda in likita ya tsara shi ba abin tsoro ba ne. Mutum ya haɗiyi furarsa, ya yi barci babu raɗaɗi, ya kwana a ɗakinsa cikin iyalinsa, wannan ma jinya ce cikakkiya.

Na bar mafi nauyi zuwa nan. Gidan nan na waye? In na Baba ne, babu mai ikon sayar da shi sai da yardarsa, a shari'a da a doka. Maƙoshin na waye? Babu likitan kirki da zai yanka mutum mai hankalinsa ba tare da ya san abin da za a cire masa da abin da zai iya biyo baya ba. To kin ga zancen tabon gashi ba zai kai ku ko'ina ba. Ta yaya za a ce wa mutum ya sa hannu a sayar da gidansa saboda tabo? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na san don tausayi kuka ɓoye, kuma na san a wurinmu faɗa wa babba irin wannan magana kamar yanke masa ƙauna ne. Amma a abin da na gani a ɗakunan jinya, masu ciwon nan sun fi kowa sanin halin da suke ciki. Mutumin da ya sha gashi sati biyar, ya ga abincin ya sake tsayawa a daidai inda ya tsaya da, ya ga wandonsa na zamewa, ya ga ana yin shiru in ya shigo, kina jin bai gane ba? Sau da yawa shi ma shirun yake yi don ya tausaya muku. Sai a wayi gari kowa na ɓoye wa kowa, shi kuma yana kwana shi kaɗai da abin da ke ransa.

Kuma akwai abubuwan da shi kaɗai zai iya aunawa. Wani dattijon zai ce ko kashi nawa ne a gwada, yana so ya ga ƙaramar 'yarsa a ɗakinta. Wani zai ce ba zai bar matarsa a gidan haya ba ko da za a ƙara masa shekara goma. Kin san abin da aka faɗa wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yana jinya, cewa barin magada da abin hannunsu ya fi barin su suna roƙon mutane. A gwada ko a bar gida, dukansu biyu zaɓin mutumin kirki ne. Ba Yayanki ne zai zaɓa masa ba, ba Mama ba, ba ni ba. Yana iya kasancewa yana da bashin da yake son biya, ko wasiyya, ko ɗan uwan da yake son su yafi juna. Kuma in ya zaɓi tiyata da bakinsa, zai tashi ya yi tattaki ya ci abincin da ba ya sha'awa, don ya san abin da yake shiryawa.

Ba lallai ke ce za ki faɗa ba. Ki duba wanda Baba yake jin nauyinsa kuma yake sakewa da shi, ƙaninsa ne, ko amininsa, ko limamin unguwa, ki fara zama da shi. Ki samu Yayanki ku biyu kawai, ba a gaban Mama ba, ki ce masa ba ki ƙi tiyata ba, hoto kike so a yi kafin a taɓa gida, kuma ki roƙe shi ya zama shi ne zai karɓo takardar gashin. Namijin da ya rasa abin da zai yi wa mahaifinsa shi ke kama duk igiyar da aka miƙo masa. Ki ba shi aikin yi. Sannan a nemi likitan ya ware lokaci, ba a tsaye a baranda ba, Baba da Mama da ku biyu. A fara da tambayarsa: Baba, kai me kake gani game da jikin nan? Kana so likita ya yi maka bayani duka, ko ka fi so ya yi wa Yaya? In ya ce a gaya wa Yaya kawai, an ba shi haƙƙinsa, shi ya wakilta. In ya ce a faɗa masa, a faɗa a hankali, a tsaya inda ya ce ya isa, a ci gaba wata rana.

Ki sake rubuto mini in sakamakon hoton ya fito, ki haɗo da adadin gashin da nauyinsa na wannan satin. Ki gaishe da Mama, ki ce ina yi mata sannu da jinya.